Neman shawara: mangwarona na zuba da tsutsa tun da aka fara ruwa

Mai lambu daga Kujama:
Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Ina da ɗan lambu a bayan Kujama, mangwaro 14 masu 'ya'ya, sai kuma lemun zaƙi 30 da na dasa bara waccan. Mangwaron gargajiya mun sha lafiya lau, na aure masu nuna a makare su ne suka hana ni barci. Tun ruwan farko na watan Mayu, wanda ya zo da iskar nan, kullum da safe sai na tsince kusan kwando a ƙasa. Daga waje ba ka ganin komai sai ɗan ɗigo kamar an soka allura, in ka matsa ruwa ya fito, in ka yanka ka tarar da fararen tsutsotsi suna motsi. Lemun kuma guda 5 na ga wani abu kamar ƙaro yana tsatsowa a gindinsu, ganyen ya fara rawaya. Me zan fesa? Kuma na sayi takin NPK, in zuba yanzu? Don Allah a taimaka, da kuɗin mangwaron nan nake sa ran biyan kuɗin makarantar yara.

Dattijo daga Kachiya:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri. Kada ka ɗora wa iska laifi, abin da ya riga ya lalace ta kakkaɓo. Ƙuda ne. Macen ke soka ɓawon ta zuba ƙwai a ciki, shi ya sa feshi ba ya kai ga tsutsar, asarar kuɗi kawai za ka yi. Abin da mutane ba su lura da shi ba, in mangwaro ya faɗi tsutsar fita take ta shige ƙasa, cikin mako biyu ta dawo ƙuda ta hau bishiyarka. Kenan duk wanda ka bari a ƙasa iri ka ajiye. Ka tsince kullum, ka binne a rami mai zurfin da ya wuce rabin mita, ko ka ɗaure a baƙar leda ka bar ta a rana kwanaki. Ni da a bakin shinge nake jibgewa, ashe kiwonsu nake yi.

Malamin gona daga Zariya:
Baba ya gama magana. Ƙudan nan asalinsa Asiya ne, a 2003 aka fara ganinsa a Afirka, a Kenya, kuma da damshin damina yake ƙaruwa. Ka nemi maganin tarko mai suna metil yujinol a shagon kayan noma. Ka huda robar ruwa ta gefe, ka rataya auduga mai maganin da ɗan maganin ƙwari a ciki, ka ɗaura a inuwar reshe. Maza kawai yake jawowa, don haka ba zai maye gurbin tsincewa ba. Ka kuma yi wa maƙwabtan lambu magana, ƙuda bai san iyaka ba.

Hajiya mai sarin mangwaro:
Malam, kada ka jira su nuna a sama. Da ka ga kafaɗar mangwaro ta cika ya ƙosa, ka sauke shi da hannu, ya ƙarasa nuna a ɗaki. Mu ma irinsa muka fi so, ya fi jure hanya. Wanda aka kaɗo da sanda ba na saye.

Dattijo daga Kachiya:
Na manta lemun. Ɗana, da rani ka yi musu kwari, wato ɗan gurbin tara ruwa, a gindi saboda ban ruwa?

Mai lambu daga Kujama:
Na yi Baba, har na tara musu ciyawa da ƙasa a jikin kututturen. Bayan ruwa sai ka ga gindin kamar kwano cike.

Dattijo daga Kachiya:
To ga ciwon nan. Lemu ba ya son ruwa ya kwana a gindinsa. Gobe ka fasa kwarin, ruwa ya samu hanya, ka janye ciyawa da ƙasar kamar taƙi ɗaya daga kututture, wurin auren ya fito sarari ya sha iska. Ka kankare inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta har ka kai lafiyayyen ɓawo, ka shafa maganin fangas mai sinadarin kofa, wato jan ƙarfe. Yanzu ne lokacin gyara, kafin ruwan Agusta.

Matashi daga Rigachikun:
Taki kam ni na riga na zuba, ai ƙasa ta jiƙu.

Malamin gona daga Zariya:
Ƙanena, ka yi sauri. A nan ruwan farko yakan zo ya ɗauke kwanaki, taki a busasshiyar ƙasa kuwa ƙona saiwa yake. Malam na Kujama, ka bari ruwa ya zauna a Yuni, sannan ka zagaya da shi daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ka rufe da ƙasa. Lemu guda 5 ɗin nan kuwa, ka fara warkar da gindinsu tukuna.

Mai lambu daga Kujama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da yamma zan sa yara mu haƙa ramin. Hajiya, in na sauke ranar Asabar, kwando nawa za ki iya ɗauka?