Ƙanena yana zana Kaduna daga Italiya, maigidana ya ce don Turawa yake yi

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ƙanena shekara shida ke nan yana Italiya, da rana wankin kwanuka a gidan abinci, da dare zane. Tun yana ƙarami da gawayi yake cika mana bangon zaure. Makon jiya ya turo min hoton wanda ya gama: Kasuwar Barci ce, ga telolin nan da kekunansu, ga Bafulatana da ƙwaryar nono, ga 'yar Gbagyi ta ɗauko doya a kafaɗa, ga wani Ibo yana ciniki da Baba. Duk tsayinsu ɗaya ya yi su, ba wanda ya sha gaban wani. Wallahi da na gani sai hawaye. Amma maigidana ya ce wannan Kadunar babu ita, tun rikicin 2000 kowa ya koma nasa ɓangaren kogi, yaro dai abin da Turawa ke son gani yake sayar musu. Maganar ta tsaya min a rai. Gaskiyarsa ce?

Malamin Zane, Kawo:
Wa alaikumus salam Hajiya. A ABU na karanta zane, kuma gardamar nan ta girme mu duka. A 1958 ɗalibai a Zariya, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka haɗa ƙungiya suka ce za su ɗauki fenti da dabarar Bature, amma abin da za a zana daga gida zai fito. Lura, dukansu baƙi ne a Zariya. Sai kuma Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo, wanda ya yi karatu a Landan, aka ɗaure shi a gidan yari a 1975, daga baya ya zauna a Ingila. Har a can lanƙwasar baƙaƙen allo ba ta bar hannunsa ba, kuma a 2013 Tate Modern, babban gidan nuna zane-zane na Landan, ta baje kolin aikinsa. Abin da zan duba a zanen ƙaninki ɗaya ne: doyar nan da ya ɗora a kafaɗa, ba a ka ba, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Mai neman kuɗin Bature bai damu da wannan ba, don Baturen bai san bambancin ba.

Abban Yara:
Ni dai ina bayan maigidanki kaɗan. Ya zana Rigasa da damina ma mana, a ga taɓo da kwata. Ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya.

Maman Biyu, Barnawa:
'Yar'uwa, a Tudun Wada aka haife ni, bayan rikicin muka tsallako gada. Ki gaya wa maigida Kadunar nan an yi ta, ni na ci tuwon sallah a cikinta, maƙwabtanmu sun ci shinkafar Kirsimeti. 'Ya'yana ba su san ta ba, in na ba su labari sai su ɗauka tatsuniya ce. Don Allah ki turo min hoton in nuna musu.

'Yar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Malam, ban ma lura da kafaɗar ba sai da ka faɗa, na koma na duba. Abban Yara, na isar wa ƙanen nawa da saƙonka, ya ce Rigasa na tafe. Maman Biyu, duba saƙonki, na tura. Wane layi kuka zauna?