Neman kalmar Hausa: me za mu kira "climate normal"?

Jama'a masu fassara da 'yan jarida, akwai wata kalma da ke yawan fitowa a rahotannin hukumomin kula da yanayi, wadda har yanzu ba mu tsayar mata da suna ɗaya ba, kowa yana fassara ta yadda ta zo masa. Masana suna kiran ta "climate normal", kuma ita ce ake nufi duk lokacin da hukuma ta ce ruwan bana zai haura ko zai gaza abin da ake kira "normal".

Kafin mu zaɓi suna, ya kamata mu san abin da muke raɗa wa. Lissafi ne da ake fitarwa daga bayanan tashar auna yanayi ɗaya na shekara 30 a jere: a tara adadin ruwan sama ko zafin kowane wata, a raba da yawan shekarun, abin da ya fito shi ne ake gwada kowace sabuwar shekara da shi. An amince da wannan tsari a wani taron ƙasa da ƙasa a birnin Warsaw a 1935, inda aka fara da shekarun 1901 zuwa 1930. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, mai hedikwata a Geneva, ta yanke a 2015 cewa a riƙa sabunta lissafin duk bayan shekara 10, shi ya sa wanda ake aiki da shi yanzu ya kama daga 1991 zuwa 2020. Ƙa'idarta kuma ita ce tasha ta kasance tana da bayanan aƙalla kashi 80 cikin 100 na shekarun, wato 24 daga cikin 30, kafin a karɓi lissafinta.

Shawarar da ta fi yawa ita ce "yanayin da aka saba". Tana da daɗin faɗa, kuma kowa yana gane ta, amma ni dai ban gamsu da ita ba. Sabo abu ne na zuciya da tunanin mutum, kuma abin da dattijo ya saba gani ba shi ne abin da matashi ya saba ba, alhali wannan adadi ne da aka rubuta a takarda. Bayan haka, adadin zai iya zama abin da ba a cika gani ba sam. A ɗauka, don misali kawai, wata tasha tana samun ruwan sama milimita 400 a wata shekara, 800 a shekarar da ke bi mata, haka suna ta karɓa-karɓa. Lissafi zai ba da 600, adadin da mutanen wurin ba su taɓa gani ba balle su saba da shi.

Babbar matsalar ita ce wadda ta shafi haɗarin sauyin yanayi. Tun da duniya tana ƙara ɗumi, duk lokacin da aka matsar da shekarun lissafi gaba, adadin zafin yakan ɗaga, sai shekarar da a da za a ce ta yi zafi fiye da kima ta koma daidai wa daida a sabon lissafi. Idan mai karatu ya ji an ce zafin bana "kamar yadda aka saba" ne, zai ɗauka babu abin da ya sauya. Saboda wannan ne ma Hukumar ta Duniya ta ajiye 1961 zuwa 1990 a matsayin tsayayyen abin kwatance ga masu bin diddigin sauyi na dogon zango. Injiniyan da zai gina madatsar ruwa ko magudana, da kamfanin inshora da zai ƙiyasta asara, dole su san shekarun da aka yi lissafin da su, kuma sunan da za mu zaɓa ya kamata ya sa mai karatu ya tambayi haka.

Wani Malami a cikinmu ya kawo "matsakaicin yanayi". Malam, Allah ya ƙara basira, ta fuskar lissafi ka yi daidai, sai dai a kunnen Bahaushe "matsakaicin ruwan sama" ruwa ne da bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba, kuma "matsakaicin zafi" zafi ne mai sauƙi. Tasha a tsakiyar hamada tana da nata adadin, amma babu mai kiran zafinta matsakaici. "Ma'auni" kuwa tuni na'urori suka riga mu, tun da muna cewa ma'aunin zafi da ma'aunin ruwan sama.

Abin da nake gabatarwa shi ne "mizanin yanayi". Mizani abu ne da mutane suka kafa don a ɗora wani abu a kai a ga nauyinsa, ana iya duba shi, ana iya sake shi, kuma ba ya ɗauke da alkawarin cewa haka gobe za ta kasance. Ga yadda zai zauna a cikin jimla: "Ruwan watan Agusta ya haura mizanin 1991 zuwa 2020 da milimita kaza." A hasashen damina kuma, inda hukumomi ke jera shekara 30 daga mafi ƙarancin ruwa zuwa mafi yawa su raba su gida uku, goma-goma, sai mu ce sama da mizani, kusa da mizani, da ƙasa da mizani.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo: a farkon ambato a kowane rahoto, a rubuta shekarun tare da kalmar. Idan an amince da wannan, abin da masana ke kira "anomaly", wato bambancin da ke tsakanin adadin bana da mizanin, zan so mu kira shi "tazara daga mizani", kuma ina jiran ra'ayin waɗanda ke karanta labarai a rediyo kan ko zai yi sauƙin furtawa.