Muzuru ya kasa fitsari: a duba shi a Bauchi ko a wuce Jos?

Likitocin dabbobi, don Allah ku taimaka da shawara. Muzuru ne ɗan shekara 3, kilo 4. Tun jiya da safe yake tsugunawa, sai ɗigon fitsari da jini, ya yi amai sau 2, mararsa ta yi tauri kamar lemo. Ba a ba shi farasitamol ba, tunda guba ne ga kyanwa. Mai shagon magani ya ce a yi allurar kashe ƙwayoyin cuta, alhali ba za ta buɗe toshiyar ba. Ƙaramin asibitin dabbobi zai iya sumar da shi, a zura robar fitsari, a ƙara ruwa? Ko a zuƙe mafitsarar da sirinji, mu kama hanyar Jos inda za a gwada ƙoda?