Wai Java tsohon yayi ne?

Ɗan Tibiri: Salamu alaikum 'yan master. Wallahi na gaji. Tun da anka koma muke darasin POO, wato tsara manhaja bisa abubuwa (objects), malam bai taɓa cewa mu kunna kwamfuta ba. Sai ya zana akwati a allo, ya rubuta Ɗalibi a sama, suna da lamba a ciki, ya ja kibiya zuwa akwatin Mutum, ya ce gado ke nan. Kullum UML, zanen tsarin manhaja, har alli ya ƙare. Ga shi kuma da Java, yaren rubuta manhaja tsohon yayi.

Mai Java: Tsohon yayi? Ƙanena, Python, yaren da kake ɗoki, ta girme shi. Guido van Rossum ya fito da ita a 1991, Java sai 1995 daga Sun Microsystems. Wa ya tsufa?

'Yar Tasawa: Yaya, ba takardar haihuwa ya tambaya ba. Layi nawa za ka rubuta a Java kafin allo ya ce maka sannu? Python layi guda.

Mai Java: Layi guda, tarbiyya babu. A Java in ka sa private, wato ka kulle, a kan kuɗin asusu, duk wanda ya miƙa hannu daga waje shirin ba zai ma tashi ba. A Python sai ɗan layin ƙasa gaban suna, kana roƙon mutane su ji kunya.

Na Sabon Gari: In tsufa laifi ne a watsar da POO ɗin gaba ɗaya. Simula, yaren da ya fara kawo shi, tun 1967 a Norway Dahl da Nygaard sunka yi shi.

'Yar Tasawa: Wa ya kira ka? Kai da ko aikin rukuni ba ka zuwa.

Na Sabon Gari: Hajiya, wayata ta mutu ran nan, kowa ya sani.

Ɗan Katsina: Wayar da ta mutun ma da Java anka gina yawancin manhajojinta.

'Yar Tasawa: Tun 2019 Google ta ce Kotlin, wani yaren, ce gaba a Android. Sabunta labarinka.

Ɗan Katsina: Kotlin ɗin a kan injin wa take gudu, in ba na Java ba?

Mai Java: Faɗa mata dai!

Na Sabon Gari: Ku da kunka yo digiri a ƙetaren iyaka kullum gani kuke kun fi mu, don mu da Faransanci munka koya.

Ɗan Katsina: Mi ya kawo wannan kuma?

Ɗan Tibiri: Jama'a, ni hwa maganar kunna kwamfuta nake. Ko da Java ce, a bar mu mu rubuta, mu ga kuskure da idonmu.

Shugaban rukuni: To, ya isa haka, an kira magariba. Abin da anka tsayar: Java ba tsohon yayi ba ne, hujjar 1991 da 1995 ta kashe magana, kuma masu Python ba su kawo komi ba sai son sauƙi. Ɗan Tibiri ya janye kalmarsa. Na Sabon Gari, Asabar ka zo aikin rukuni.

Ɗan Tibiri: Yaushe na janye?