Hilux mai injin 22R tana misin a silo, tana shaƙewa idan an taka totur

Mai A-kori-kura, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, masana. Tsohuwar Hilux ce mai kafireta, tana jigilar masara daga kasuwar Giwa zuwa Zariya. A silo, wato injin yana kunne ba a taka totur ba, yana jijjiga, salansa tana "fut-fut". Idan kuma aka taka totur daga tsaye sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta figa. Da kaya abin ya fi muni, musamman wajen hawan gadar Kwangila. An sa sababbin fulogi, babu canji. An ce in sayi wata kafireta. Ta ina zan fara?

Bakanike, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi kafireta tukuna. Ciwo biyu ka lissafo: misin daban, shaƙewa daban, kuma ba lallai ne tushensu ya zama ɗaya ba.

Fara da misin, wato wata silinda ba ta ƙona fetur yadda ya kamata. Injin yana silo, a riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, domin wutar tana fizga. Silindar da aka cire wa waya amma ƙarar injin ba ta canza ba, ita ce ba ta aiki. Sai a kwance fulogin nan a duba bakinsa. Baƙin toka busasshe yana nufin fetur ya yi yawa. Idan ya jiƙe da baƙin mai, ringi ne ko robar bawul. Idan ƙamshin fetur yake yi a jiƙe, wuta ce ba ta zuwa. Fari fat kuwa, fetur ya yi kaɗan ko iska tana shiga ta inda bai kamata ba.

Sabon fulogi ma yakan yi misin idan ba a daidaita bakinsa ba. Tazarar bakin na 22R milimita 0.8 ce, a auna da fila geji (siraran ƙarafan auna tazara), ba da ido ba. A kuma tabbata wayoyin suna bin tsarin kai wuta ga silindoji, wato 1-3-4-2, don sau da yawa wajen canza fulogi ake musanya ta 3 da ta 4.

Mai Wayarin, Kofar Doka:
Oga ya faɗi daidai, sai dai ni ba zan raba ciwon biyu da wuri ba. Wuta mai rauni takan kawo duka biyun: tana iya tsallaka bakin fulogi a silo da ƙyar, da an ɗora wa injin nauyi matsin cikin silinda ya ƙaru, sai ta nemi hanya mai sauƙi ta bi jikin injin. Alhaji, a tada motar da dare a wuri mai duhu, a fesa ruwa kaɗan a kan wayoyin. Duk inda shuɗin tartsatsi ya fito, wayar ta tsage. Da mitar masu wayarin kuma, kowace waya kada ta wuce kilo-om 25. A buɗe hular distiributa (mai raba wa fulogi wuta) a nemi siririn baƙin layi a ciki, a duba ɗan gawayin tsakiya da kan rota mai juyawa a ciki. Hula mai tsagewa ba ta gyaruwa, canzawa ake yi.

Bakanike, Sabon Gari:
Haka ne, Malam, shi ya sa wuta ce farko. Idan ta fita lafiya, a koma kan mai. A kashe injin, a cire gidan filtar iska, a leƙa maƙogwaron kafireta wani yana taka totur. Dole a ga fetur ya tsarto da ƙarfi. Idan ɗiga yake yi ko babu, robar famfon totur ta mutu, kuma ita ke kawo wannan shaƙewar daga tsaye. Kayan gyaranta sun fi sabuwar kafireta araha nesa ba kusa ba. Akwai ɗan gilashi a gefen kafiretar, fetur ya tsaya a tsakiyarsa.

Rashin ƙarfi a hawa kuwa, filtar mai za a fara tuhuma. A zazzage ta cikin farar kwalba, idan akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, sai a wanke tanki. Filtar iska ma ƙurar hunturu da ta hanyar ƙauye tana toshe ta.

Injiniya, Samaru:
Idan silinda ɗaya ta ci gaba da misin bayan duk wannan, a auna matsinta kafin a ƙara kashe ko sisi. A ma'aunin matsi kada ya gaza psi 142, bambanci tsakanin silindoji kada ya wuce 14. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. Idan ya tashi, ringi ne. Idan bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. A daidaita bawul injin yana da zafi: tazarar na shiga milimita 0.20, ta na fita milimita 0.30. Bawul ɗin fita da aka ɗaure tamau ƙonewa yake yi.

Mai A-kori-kura, Tudun Wada:
Allah Ya saka da alheri. An cire wayoyin yanzu, ta 3 ce ba ta canza komai ba, fuloginta kuma a jiƙe da fetur. Bayan isha'i za a yi gwajin ruwan.