Shaguna a ƙasa, iyali a sama, ga mai gas yana neman haya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ginin bene hawa ɗaya a Na'ibawa, shaguna a ƙasa, ni da iyali a sama. An gama fandisho, za a tayar da fila. Wani mai ɗura gas ya zo da kuɗin shekara biyu yana son shagon da ke kan kwana. Kuɗin za su kai ni dakin (rufin kankaren da ke tsakanin ƙasa da sama), amma tun fashewar Aba Road a Sabon Gari a watan Mayun 2022, da bene ya rufta mutum 9 suka rasu, uwargida ta ce ba za ta kwana a kan tukwanen gas ba. Birkilana ya ce a cika bulo inci tara da kankare, shi ke nan. Akwai ginin da ke jure fashewa kuwa?

Wani ɗan kasuwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Hajiya ta fi ka gaskiya. Mayar masa da kuɗinsa, ka ba mai tireda.

Injiniyan gini:
Alhaji, shawarar birkilanka za ta iya ƙara ɓarna. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru. Ya samu wuta a ɗakin da aka toshe da kauri ta ko'ina, ƙarfin sai ya nemi mafita, kuma dakin ɗin da kuke kai yana cikin abin da zai tura. Shi ya sa ma'ajiyar gas ake yinta a fili, da ramukan iska daga ƙasa da rufi mara nauyi, don in abu ya faru ya fice ta sama. Kai kuwa samanka 'ya'yanka ne.

Ruftawar gini tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane. A Landan a 1968, gas ya fashe a hawa na 18 na benen Ronan Point, bango ɗaya ya fita, sai kusurwar ginin ta bi ta zube, mutum 4 suka mutu. Bayan nan Ingila ta gyara dokar gini: a ɗaure sassan gini da juna yadda in ginshiƙi ɗaya ya tafi, sauran za su ɗauki nauyin. A wurinka ma'anarsa rodin fila ya shige cikin bim (kankaren da ke kwance a kan filoli yana ɗauke da dakin) ya lanƙwasa, rodin dakin ya kama bim, inda aka haɗa rodi biyu a bar isasshen tsawo suna haɗe, sannan a matse ringi (zobban ƙarfen da ke kewaye rodi) kusa da mahaɗar fila da bim. A nan ne 'yan kwangila ke cin riba, su ware ringi su rage rodi, kuma da an zuba kankare ba mai gani. Ka tsaya da kanka ranar ɗauri.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ku ƙara da gilashi. Ko ginin bai faɗi ba, tagogi ke tarwatsewa su yanke mutane a fuska da wuya. Tagogin da ke kallon titi a sa musu gilashi mai leda a tsakiya, irin na gaban mota, ko ya fashe yana manne. Kuma don Allah bagila ɗaya a sama ta zama mai buɗewa.

Wani dattijo:
Mu da muka ga hare-haren bama-bamai na Kano ranar 20 ga Janairun 2012 mun san dalilin da ya sa aka jera durom da kankare a gaban ofisoshin 'yan sanda. Tazara ake nema. Ƙarfin fashewa yana raguwa da sauri in an matsa, taku goma ma ba wasa ba ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To Injiniya, in na yi masa rumfa a bakin katanga fa? Akwai ɗan fili ta gefe.

Injiniyan gini:
Ya fi ƙarƙashin bene nesa ba kusa ba, amma kada ka yanke tazarar da ido. Kai zanen KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka nemi 'yan kwana-kwana su zo su duba wurin, shi kuma ya nuna maka lasisinsa na NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar man fetur da gas. Duba maƙwabta ma: in akwai mai walda, mai suya ko janareto a gefen, maganar ta mutu. Kafin a zuba filar, turo min hoton ɗaurin rodin in gani.