Shayin Boston: kishin 'yanci ne ko ciniki aka taɓa?

Alhaji mai shago: Salamu alaikum jama'a. Jiya yarona ya dawo da darasin tarihin Amurka, wai mutanen Boston sun zubar da shayi a teku a 1773 saboda kishin 'yanci. Na ce masa ni ɗan kasuwa ne, ba a yi mini wannan. Dokar da Ingila, mai mulkinsu a lokacin, ta kafa a shekarar ta bai wa Kamfanin Gabashin Indiya damar kai shayinsa kai tsaye, farashi ya sauko har ya karya masu fasa-ƙwaurin shayin Holan. Wa ke tayar da jijiyar wuya don kaya sun yi araha? Sai mai tsohon kaya a sito.

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Alhaji, shayin ya yi araha, wannan ban musa ba. Amma a cikin arahar akwai harajin peni uku kan kowace laba, kuma majalisar Landan ce ta ɗora shi, majalisar da babu wakilinsu ko ɗaya a cikinta. Mutanen nan sun saba majalisunsu ne ke yanka musu haraji, ta Bajiniya ma tun 1619 take zama. In suka sha shayin, sun yarda ke nan Landan ta sa hannu a aljihunsu duk ran da ta ga dama. Shi ya sa a daren 16 ga Disamba suka hau jirage uku, wasu da shigar 'yan ƙabilar Mohawk ta 'yan asalin ƙasar, suka farfasa akwati 342.

Alhaji mai shago: To John Hancock, ɗan kasuwar nan na Boston fa, Malam? Mai ɓaro-ɓaron sa hannun nan a takardar 'yanci. Ba jirginsa Liberty kwastan suka kama a 1768 kan zargin fasa-ƙwaurin giya ba?

Malamin tarihi: An kama, kuma daga baya an janye ƙarar da aka shigar a kansa. Ka koma 1765. Dokar hatimi ta sa haraji a kan jarida, takardun kotu, har katin karta. Lauya da mai buga jarida da ɗan dako duk suka fito, aka ƙaurace wa kayan Ingila har aka soke dokar a 1766. Su ma shayin Holan suke ɓoyewa?

Baba tsohon soja: Ku bar ni in shigo wa Bature, tunda babu mai kare shi. Yaƙin da aka gama da Faransa a 1763 ya kusa ninka bashin Birtaniya, sannan ga soja kusan 10,000 da aka shirya ajiyewa a Amurka. Soja yana cin abinci, yana sa takalmi, ni na sani. Mutumin Ingila ya fi su biyan haraji nesa ba kusa ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski. Kuma da suka samu mulkin, ba Washington ba ne da kansa ya tara dakaru kusan 13,000 a 1794 a kan manoman Pennsylvania da suka ƙi biyan harajin barasa?

Ɗalibar jami'a: Baba, da izininka. Duk kun tsaya a bakin teku kun manta da ƙasa. A 1763 Sarki George na Uku ya hana Turawa kafa gari a yammacin duwatsun Appalachia, aka bar wa 'yan asalin ƙasar, bayan ɓarkewar yaƙin da wani shugabansu, Pontiac, ya jagoranta a kan Birtaniya. Washington kuwa idonsa na kan filayen kwarin Ohayo. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai: Jefferson da ya rubuta a takardar 'yanci cewa duk mutane daidai aka halicce su ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. A Nuwamban 1775 gwamnan Bajiniya, Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga rundunar Sarki. Ga bawan da ke gonar taba, wane ɓangare ne na 'yanci?

Malamin tarihi: 'Yata, a yi hattara da Dunmore. Shi ma yana da bayi, kuma shelarsa ba ta shafi bayin masu biyayya ga Sarki ba. Dabarar yaƙi ce. An riga an fara harbin yaƙin 'yanci a garin Lexington tun Afrilu. Kuma baƙar fata sun tsaya a ɗaya ɓangaren ma, Crispus Attucks yana cikin biyar ɗin da soja suka kashe a Boston a 1770.

Ɗalibar jami'a: Na yarda dabara ce, Malam, amma dabarar ta fitar da mutane daga ƙangi. A 1783 jiragen Birtaniya sun kwashe baƙar fata kusan 3,000 daga New York, akasari zuwa Nova Scotia da ke Kanada ta yau. Sanyi da rashin cika alkawarin gona suka kore su, kusan 1,200 suka tsallako Saliyo a 1792 suka kafa Freetown.

Alhaji mai shago: Tirƙashi. Daga shayi mun dire Saliyo. Ni dai ina nan kan bakana. Malam, ranar Litinin yaron nan zai yi jarrabawa, me zai rubuta?

Malamin tarihi: Ya rubuta haraji ba tare da wakilci ba, shi malaminsa zai nema. Maganar jirgin Hancock ku bar ta a shago.